Ƙwan Katantanwa a Ramin Yaya

Aikina a Samaru kiwon katantanwa ne. Haka nake faɗa wa duk wanda ya tambaye ni, kuma ban taɓa damuwa da dariyar da ke biyo baya ba. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba. An ɗauke ni ne mai wanke kwalabe a wani ɗakin gwaje-gwaje. Da malamar da ke riƙe da wurin ta lura ba na tsallake aiki, sai ta danƙa mini ɗakin baya inda ake ajiye katantanwar ruwa. Ba irin manyan nan da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari ana miya da su ba. Waɗannan ƙanana ne, babbar cikinsu ba ta wuce ƙwayar wake ba, launinsu launin laka. Wanda bai san su ba cewa zai yi tsakuwa ce.

Kowace safiya da ruwa nake farawa. Ruwan famfo yana kashe su, don haka sai an tara shi a robobi ya kwana biyu warin maganin ya fita. Bayan ruwa sai abinci, ganyen latas da na tafasa na shanya. Bayan abinci sai tsame matattu, domin guda ɗaya in ta ruɓe tana ɓata kwalba gaba ɗaya. Ƙwai ne ƙarshe. Mukan yayyanka farar leda mu jefa a saman ruwan, su kuma su bi ta ƙarƙashinta su manna ƙwansu. Ni ne mai tsamo ledar in duba, in mai da ita sabuwar kwalba.

Ƙwan nasu ba ya kama da ƙwai. Wani ɗan yauƙi ne garai-garai, a shimfiɗe kamar ɗigon ƙaro, da 'yan ɗige-ɗige a ciki. Idan ledar tana jiƙe ba ka ganinsa sai ka karkata ta wajen haske. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ɗige-ɗigen nan su fashe, 'ya'ya su fito kamar ƙwayar riɗi, kowace da ɗan ɓawonta a baya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu mace babu namiji a cikinsu. Kowace ɗaya tana ɗauke da kayan namiji da na mace a jiki guda. In ta sami 'yar'uwa su yi barbara. In ba ta samu ba ta wadatar da kanta. Malamar ta sha sa ni in ware 'ya'ya ranar da aka ƙyanƙyashe su, kowace a kwalbarta, ba ta taɓa haɗuwa da wata ba. Bayan wata guda da 'yan makonni sai in tarar da ƙwai a ƙarƙashin leda, kuma ya ƙyanƙyashe. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba. Haka kuma in ruwa ya ƙafe ba duka suke mutuwa ba. Wasu sukan shige laka su toshe bakin ɓawonsu su yi shiru har ruwan sama ya dawo.

Saboda tsargiya, ciwon fitsarin jini, ake ajiye su. Mai ciwon yana fitar da ƙwan tsutsa a cikin fitsarinsa. In fitsarin ya kai ga ruwa ƙwan ya fashe, abin da ya fito ya nemi katantanwa ya shige jikinta. A can yake yaɗuwa. Bayan makonni ya riƙa fitowa da yawa, ya ratsa fatar duk wanda ya shiga ruwan, ya bi jini ya girma a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, ya fara zuba nasa ƙwan. In babu katantanwa abin ba ya wucewa daga mutum zuwa mutum. In babu fitsarin mai ciwo, katantanwa ba ta cutar da kowa.

Ni da yayana a Sabon Gari muka tashi, ta wajen Unguwar Gabas. Bayan gidanmu akwai kududdufi da aka haƙa ana ɗibar ƙasar gini, a ciki muka koyi iyo. Kusan duk yaron unguwar ya yi fitsarin jini. Manya suna cewa alamar zama namiji ce, har akan tsokani wanda bai fara ba. Ni an yi mini magani shekarar da na kama aiki, da aka gwada fitsarin ma'aikata. Yaya kuwa ba a taɓa yi masa maganin ba. Ya girme ni sosai, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Ya yi aiki a wata masana'anta a Chikaji har aka rufe ta, sai ya koma lambu a bakin wani ruwa da ke gangaren unguwa. Shekara da shekaru yana shiga ruwan nan har gwiwa, safe da yamma, yana ɗibo shi da garwa biyu.

Aikina abin dariya ne a wurinsa. Likitan katantanwa yake kirana. Ranar da na ba shi labarin mai zuba ƙwai ita kaɗai, ya yi dariya har sai da ya ajiye kofin shayinsa.

"To in an haihu, wa ke yanka ragon suna?"

Na ce ba wasa nake ba. Ya ce ya sani, ni ban iya wasa ba tun ina yaro.

Matarsa ce ta zo Samaru ta faɗa mini ciwon, ba shi ba. Ta ce jinin ya dawo, kuma ba ɗigo ba ne a ƙarshen fitsari irin na dā, gudaje ne. Yakan daɗe a bayi, ya fito yana dafa bango. Ƙafafunsa sun fara kumbura da yamma. Ya hana ta faɗa wa kowa. Washegari na je na ɗauke shi muka tafi asibiti a Shika, yana ta faɗa a cikin mota cewa na sa ya bar alayyafu ba ban ruwa.

An gwada fitsari, an gwada jini, an ɗauki hoton ciki. Likitan ya nuna mana hoton, ni na ɗan gane, Yaya bai ko kalla ba. Bangon mafitsarar ya yi kauri ya taurare saboda ƙwan da ya tare a ciki tun ƙuruciya. Bututun da ke sauko da fitsari daga ƙodar hagu ya toshe, ƙodar ta kumbura ta daina aiki. Likitan ya juya ga Yaya ya yi masa magana a hankali.

"Baba, ƙoda ɗaya ta rage maka. Nata bututun ma ya fara ƙuntata. Maganin da zan ba ka zai kashe tsutsotsin da ke jikinka yau, amma ba zai hana sababbi shiga gobe ba. In ka koma ruwan nan, ita za ka rasa."

Yaya ya tambaye shi ko yana da wata sana'ar da zai ba shi. Likitan ya rubuta magani. Aka ba shi manyan ƙwayoyi masu ɗaci ya haɗiye a gabanmu, ya yini yana jiri.

Lambu kaɗai ya iya, kuma lambu ba ya yiwuwa sai da ruwa. Mun yi ta juya maganar har surukinsa ya ce yana da fili a wata fadama tsakanin Samaru da Shika, zai ba shi aro. Babu rafi a wurin, babu kududdufi, amma ruwa yana kusa da ƙasa. Wannan ya yi mini. Ruwan da ya ɓuɓɓugo daga ƙasa a sabon rami ba ya zuwa da katantanwa.

Bayan damina Yaya ya fara haƙa. Bai warke sosai ba, amma ya ƙi a ɗauko masa mutane sai ranar farko. Rami ne mai faɗi, zurfinsa ya ɗan wuce tsayin mutum, ya sassaƙa matakala a gefe ɗaya. Ƙasar da ya fitar ya tara ta tudu a bayan ramin. Da ruwa ya taru ya kwanta, na zo da rariya ɗaure a sanda na bi gefen ramin kaf. Babu komai sai laka da 'yan ƙwari. Na zaunar da shi na faɗa masa ƙa'idojin bi da bi. Garwa da igiya da duk wani kayan aiki daga tsohon wuri sai sun sha rana sun bushe ƙarƙaf kafin su taɓa wannan ruwan. Kada kowa ya tsuguna kusa da ramin, har shi kansa. Kada katantanwa ta shiga, ko guda ɗaya, ko ƙwanta. Ya ce ya ji. Kuma ya bi. Na ga garwunansa a kife a kan rufin kwano mako guda kafin ya kawo su.

Ranin farko ya yi kyau. Ya yi latas da karas da alayyafu da ɗan kabeji. Jinin ya tsaya. Kumburin ya sauka har takalminsa ya koma shigarsa. Ranar kasuwa yakan ɗora kaya a kan keke ya kai Sabon Gari, a hanyar dawowa ya biya ta gidana ya ajiye wa iyalina ganye. Latas ɗin da ya fara lalacewa yakan ware mini daban, ya ce in kai wa ɗalibaina na cikin kwalba.

Da bazara ta shigo ruwan ya fara ja baya. Kullum sai ya ƙara sauka mataki ɗaya kafin garwa ta nutse. Masu lambun tsohon wurinsa suna da al'ada a kan wannan. Sukan rufe fuskar ruwa da kainuwa don kada rana ta shanye shi, kuma ya zauna da sanyi. Ba a sayen kainuwar. In mutum ya haƙa sabon rami, abokinsa ne ke ɗebo masa daga nasa ruwan ya kawo masa, kamar yadda ake kai wa wanda ya tare a sabon gida wani abu. Ba a mayar da ita. Wani dattijo da suka daɗe suna lambu kafaɗa da kafaɗa da Yaya ya ji labarin ruwan yana ja, ya cika buhu ya ɗaure a bayan keke, ya tuƙo tun daga Sabon Gari cikin zafin nan.

Ba na nan lokacin. Malamar ta tafi da mu wasu garuruwa ɗibar katantanwa, na yi makonni ban leƙa fadamar ba. Matar Yaya ce ta gaya mini daga baya yadda ya yi. Bai zuba kainuwar a ramin ba. Ya zazzage buhun a kan tabarma nesa da ruwa, ya zauna tun hantsi har la'asar yana bin ta ɗaya bayan ɗaya, yana tsefe saiwa da yatsa, yana cire duk katantanwar da ya gani yana jefawa a gwangwanin tumatir. Ya ɗauraye kowace a bokiti, ya zubar da ruwan can cikin gona. Sai da ya gama ya saka ta a rami.

Ranar da na je na tarar da ramin kore shar, ba a ganin ruwa. Yaya ya taso da gwangwanin a hannu yana kaɗa shi, busassun ɓawo suna ƙara a ciki.

"Ga amanarka, likitan katantanwa. Na ajiye maka su don kada ka ce ƙarya nake. Ko ɗaya ba ta shiga ba."

Ban karɓi gwangwanin ba. Na ɗauki sanda na jawo kainuwa ɗaya, na juya ta, na karkata gindin ganyen wajen rana. Suna nan a manne, garai-garai, wasu cike da ɗige-ɗige, wasu sun riga sun fashe. A jikin saiwar akwai 'ya'ya kamar an barbaɗa riɗi. Na jawo ta biyu, haka. Ta uku, haka. Na miƙa masa na tambaye shi mene ne wannan. Ya shafa da babban yatsa ya ce majinar ruwa ce, kowace kainuwa tana da ita.

"Ƙwai ne, Yaya."

Ya daɗe yana kallon ganyen. Ya matso da shi kusa da ido, ya nisanta shi.

"Na nemi ƙwai," in ji shi. "Wallahi na nema. Na zaci zan ga wani abu fari, irin na ƙadangare."

A ranar muka kwashe kainuwar duka da manjagara, muka baza ta a rana, da ta bushe muka cinna mata wuta. Bayan haka na bi ramin da rariya, na kwashe abin da na iya kwashewa. Na san ba duka ba ne. Sai muka aro injin ban ruwa muka tsotse ramin har laka, muka kankare saman lakar muka zubar a kan tudu. Ramin bai yarda ya bushe ba, don ruwan daga ƙasa yake zuwa, kafin wayewar gari ya sake taruwa. Da aka yi ruwan farko na shekara na koma da rariya. A ɗiba ta farko na sami uku, a kan wani ganyen mangwaro da ya faɗa ciki kuma na ga sabon ƙwai.

Na kai wa malamar maganar. Ta ce akwai maganin da ke kashe su, amma ta daɗe ba ta gan shi a kasuwa ba, kuma ko an zuba, in ɗaya ta tsira a laka za ta sake cika ramin. Shawararta ita ce a binne shi a haƙa wani, in ba haka ba kada ƙafarsa ta ƙara taɓa ruwan.

Na je na faɗa wa Yaya. Yana zaune a kan tudun ƙasar da ya fitar da hannunsa. Ya ce ƙarfin da ya haƙa wannan ramin da shi shi ne na ƙarshe a jikinsa, ba shi da na haƙa wani, kuma surukinsa ba zai yarda a yi masa ramuka biyu a fili ba. Sai ya kama ni da maganata.

"Ba kai ka ce wadda aka ƙyanƙyashe ba ta da ciwon ba? Sai in an yi mata fitsari?"

Na ce haka ne.

"To waɗannan a gidana aka haife su. 'Ya'yana ne. Ni zan tsare musu tarbiyya."

Maganarsa gaskiya ce, iyakar inda ta tsaya. Amma akwai hanyar ƙafa da ta ratsa gefen filin, daga ƙauyukan baya zuwa titi. Masu itace suna bi, makiyaya suna bi, leburorin gona suna bi. A duk tsawon hanyar babu wani ruwa sai na Yaya, babu wani abin fakewa sai tudun ƙasar da ke bayan ramin. Mutum zai zo ya tsuguna a bayan tudun, ya gama, ya sauka matakala ya yi tsarki. Ba mugunta ba ce. Tun muna yara aka koya mana kada mu tashi daga fitsari ba tsarki, kuma da yawa cikin masu bin hanyar nan sun tashi a bakin kududdufi irin namu.

Yaya ya kewaye ramin da ƙaya. Ya sayi buta ya cika ya ajiye a gindin wata bishiya can nesa, don mai buƙata ya je can. Butar ta ɓace, ya sa wata, ita ma ta ɓace. Ƙayar kuwa makiyaya suka janye gefe ɗaya don dabbobi su sha. In yana nan yana korar mutane, har ya yi baƙin jini a hanyar. Amma ranar kasuwa yana Sabon Gari, ranar Juma'a yana masallaci, ramin yana nan shi kaɗai.

Na saya masa dogon takalmin roba. Ya sa shi da farko. Na nemi ya riƙa ja da guga daga sama, ya gwada, bayansa ya hana shi. Injin da muka aro mai shi ya karɓi abinsa, kuma ko da yana nan yakan tsotse ramin cikin ɗan lokaci ya koma jan laka. Ya koma garwa.

Ni kuma na ɗora wa kaina aiki ɗaya. Duk ƙarshen wata nakan ɗebo katantanwa daga ramin in kai wurin aiki, in rarraba su a ƙananan kofuna da ruwa mai tsabta, in jera su a ƙarƙashin fitila, domin haske ne ke sa tsutsar ta fito. Wajen azahar in duba kowane kofi a madubin da ke ƙara girman abu. Damina ta wuce babu komai. Rani ya shiga babu komai. Duk lokacin da na je Yaya yakan tambaye ni sakamakon jarrabawar 'ya'yansa, in ce sun ci, ya ce ai ya faɗa mini gidan tarbiyya suka fito. Yawansu kuwa sai ƙaruwa yake. Tun ina yawo da rariya kafin in cika kwalba, har ya zama daga mataki ɗaya nake cika ta.

Ana tsakiyar rani na biyu na duba wani kofi na ga ruwan yana motsi. Kamar ƙura ce a cikin hasken taga, amma kowace ƙwaya tana da wutsiya mai baki biyu tana kaɗawa. Na san su, na sha ganinsu a kwalaben da muke sa wa ciwon da gangan. Duk da haka na kira malamar. Ta duba, ta ɗago ta tambaye ni ko na ramin ɗan'uwana ne. Na ce nasa ne. Ta ce in bar sauran aikin in tafi.

Na hau acaɓa. Na same shi a cikin ramin, ruwa har cinya, ya naɗe wando. Takalman robar suna bakin rami, ɗaya ya tsage a dunduniya. Na tsaya a sama na ce ya fito. Ya dube ni, ya gane.

"Sun faɗi?"

"Sun faɗi. Fito, Yaya."

Ya sunkuya ya sosa ƙwaurinsa. Na ga fatar ta yi ƙuraje ƙanana. Na tambaye shi tun yaushe yake wannan ƙaiƙayin, ya ce an kwana biyu, ya ɗauka zafi ne. Sai ya nutsa garwa ɗaya, ya nutsa ta biyu.

"Bari in gama fangalin nan. Wanda zai shiga ya riga ya shiga."

Na tsaya ina kallo ya hau, ya zuba wa kabeji, ya sauko, ya sake hawa. Sai da ya gama layin ya zauna ya goge ƙafafunsa da hula.

Mun koma asibiti, aka sake ba shi ƙwayoyin, aka ce ya dawo a maimaita. Ya yi kamar mako biyu bai shiga ruwan ba. Ni nake zuwa bayan an tashi aiki in ja masa da guga daga sama, amma abin da nake ja ba ya isar rabin lambun, kuma duhu yakan kore ni. Kabejin ya fara naɗe kai, lokacin da ya fi son ruwa. Wata rana na zo na tarar an riga an yi ban ruwa, a bakin matakala kuma ga ledoji biyu jiƙe da guntun roba da ya ɗaure su a ƙafa. Na ɗaga ɗaya, ruwa ya zubo ta ƙasanta. 

Ya sayar da kabejin. Kafin damina ta yi nisa kumburin ya dawo, wannan karon har fuska. Abinci ya daina zama a cikinsa. Shaƙuwa takan kama shi ta yini ba ta sake shi ba. Fitsarin ya riƙa raguwa har matarsa ta ce yini guda bai fi a cika murfin buta ba. Likitan ya ce bututun dama ya toshe, ƙodar ta gaji. Na tambaye shi ko sabon kamun ne ya jawo, ko tsohon tabon ne ya ci gaba. Ya ce ba zai iya rabe mini su ba, ɗaya ya hau kan ɗaya ne.

An yi masa wankin ƙoda 'yan lokuta. Duk ranar da aka yi yakan farfaɗo ya nemi koko, bayan kwana kaɗan ya koma yadda yake. Muka sayar da abin da za mu iya sayarwa, har da kekensa. Da abin ya fi ƙarfinmu shi ya fara cewa a mai da shi gida. Muka mai da shi Sabon Gari, ɗakin da mahaifinmu ya yi jinya.

Dattijon da ya kawo kainuwar yana zuwa kullum ya zauna a bakin ƙofa. Ya ji abin da ya faru, ba daga bakina ba. Wata rana ya fara neman gafara, Yaya ya ɗaga hannu ya tsayar da shi, ya ce kainuwarsa ta riƙe masa ruwa a lokacin da yake buƙata, kada ya ƙara tayar da maganar. Ni kuwa ya ce mini in je in gaya wa surukinsa ya gode da aron fili, ba zai yi lambu bana ba. Bayan wannan bai ƙara wata doguwar magana ba. Ya rasu da hantsi, aka yi jana'iza kafin azahar.

Bayan sadakar arba'in na je wurin surukin na isar da saƙon, na kuma roƙe shi ya bar ni in binne ramin, ni zan nemo masu aikin. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce amma ya riga ya yi wa wani alkawarin filin, kuma saboda ramin mutumin ya nema. Ba a binne rami mai ruwa, in ji shi.

Na sami sabon mai lambun a fadamar yana gyara fangali. Magidanci ne, ya ce 'ya'yansa biyar. Na gabatar da kaina, na faɗa masa komai daga farko: katantanwar, ƙwan, hanyar ƙafa, abin da na gani a kofi, da yadda mai ramin ya ƙare. Na tsamo masa ganye ɗaya da sanda na nuna masa ƙwan a hasken rana. Ya saurara bai katse ni ba. Ya yi wa Yaya addu'a, ya gode mini. Sai ya tambaye ni ko ruwan yana kaiwa har saukar damina.

Na ce yana kaiwa.

Ya ce alhamdu lillahi, ya naɗe ƙafar wandonsa, ya ɗauki garwa ya sauka matakalar.